SIM800L ya ƙi amsa AT a kan STM32F103: ƙafafun USART2 ne ko agogo?

Usman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa allon STM32F103C8T6, shuɗin nan da ake kira Blue Pill, da jan modul ɗin SIM800L, wato modul ɗin GSM mai ɗaukar sim, don ya riƙa aika tes idan tankin ruwa ya cika ko famfo ya tsaya. USART2 na ɗauka, ɗaya daga cikin tashoshin UART da allon ke hira da wasu na'urori ta cikinsu: PA2 zuwa RXD na modul, PA3 zuwa TXD, GND ɗinsu a haɗe. A layin PA2 na sa rizista 1k a jere da 5.6k zuwa GND. Agogo yana kan 72 MHz daga kiristal na 8 MHz. Ba HAL, laburaren kod na kamfanin ST, nake amfani da shi ba, rajista nake rubutawa kai tsaye. Ga abin da na sa:
GPIOA->CRL |= (0xB << 8);
USART2->BRR = 625;
USART2->CR1 = UE | TE | RE;
Ina aika AT, umarnin gwaji da ya kamata modul ya amsa da OK, shiru. Fitilar modul tana ƙiftawa, wani lokaci ta ɗauke ta sake farawa. Don Allah a duba min.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Usman. Kafin a je ko'ina, ɗauki mita ka auna PA2 lokacin da ba ka aika komai. Layin UART idan yana hutawa a sama yake zama, don haka ya kamata ka ga bolt 3.3 a ƙafar, ka ga wajen 2.8 a bayan rizista 1k. Ina kyautata zaton sifili za ka gani ko kusa da shi, kuma dalilin yana layinka na farko.

A wannan dangin na F1, kowace ƙafa tana da bit 4 a cikin CRL ko CRH, rajistocin da ke saita aikin ƙafafu, kuma idan allo ya tashi duk rajistar a 0x44444444 take, wato kowace ƙafa shigarwa ce da ke lilo babu abin da ya ja ta. Kai ka zo ka ɗora 0xB a kan 0x4 da alamar OR ba tare da ka share wurin ba. 0x4 da 0xB idan suka haɗu 0xF suke bayarwa. 0xB ita ce fitarwar USART mai turawa sama da ja ƙasa, ita kuwa 0xF ja ƙasa kawai ta iya, sai an sa mata rizista daga waje da za ta ɗaga ta. Kai kuma rizistar da ke layin, 5.6k, ƙasa take ja. To ta ina layin zai tashi? Modul bai taɓa ganin ko harafi ɗaya daga gare ka ba.

Share tukuna, sannan ka rubuta:
GPIOA->CRL &= ~(0xFF << 8);
GPIOA->CRL |= (0xB << 8) | (0x8 << 12);
GPIOA->ODR |= (1 << 3);
Wannan 0x8 ɗin na PA3 ne, shigarwa mai rizistar ciki, kuma bit na 3 a ODR shi ke sa ta ja sama. Amfaninsa, idan modul yana kashe ko waya ta zare, ƙafar ba za ta yi ta kwaso shara tana cika maka ma'ajiya ba.

Sannan ban ga inda ka kunna agogon sassan ba. IOPAEN bit na 2 ne a APB2ENR, USART2EN bit na 17 ne a APB1ENR. Dole su riga duk wani rubutu zuwa GPIOA da USART2, in ba haka ba rubutun ya tafi a banza kuma babu kuskuren da zai fito ya gaya maka.

Usman:
Agogon sassan na kunna su a sama, ban kwafo layin ba ne. Amma maganar PA2 haka take, Injiniya, mita ta nuna kusan sifili. Na gyara, yanzu 3.3 a ƙafa, 2.8 a wajen modul, kuma ya amsa OK. Allah ya saka da alheri. Sai dai na sake faɗawa wata. Na ce bari in tsayar da saurin, na aika AT+IPR=115200 da AT&W. Ya ce OK, daga nan ya yi gum. Ko na kashe na kunna, wasu baƙaƙen alamu kawai ke shigowa.

Hajiya Rabi:
Malam Usman, modul ɗinka lafiyarsa ƙalau, ya yi abin da ka ce masa ne. Kai ne ba ka taɓa magana a 115200 ba. Wannan 625 da ka sa a BRR, rajistar saita sauri, lissafin USART1 ne: 72,000,000 raba 115200. USART1 kaɗai ke kan layin agogon APB2 mai 72 MHz. USART2 da USART3 suna kan APB1, wanda iyakarsa 36 MHz, shi ya sa ake raba shi biyu. 36,000,000 raba 625 ya ba ka 57600 daidai wa daida. A wannan saurin kake magana tun farko.

Abin da ya rufe maka ido shi ne SIM800L daga kamfani yana zuwa da gano sauri da kansa. Yana jiran haruffan AT, ya auna faɗin bit ɗinsu, ya bi ka. 57600 yana cikin saurin da ya sani, sai ya amsa maka OK a 57600, kai kana zaton 115200 ne. Da ka ɗaure shi a 115200 na gaskiya, sai kuka rabu.

Gyara BRR kawai, kada ka taɓa modul. 36,000,000 raba 115200 ya ba da 312.5, don haka ka sa 312 ko 313, wato 0x138 ko 0x139. Kuskuren wajen kashi 0.16 cikin ɗari ne, ba ya hana komai. Idan 9600 kake so, 3750 ne a USART2, 7500 a USART1. Ni dai shawarata kada ka riƙa rubuta lamba da hannu. Ka rubuta (pclk + bod/2) / bod, inda pclk shi ne agogon USART ɗin, bod kuma saurin da kake so, sannan pclk ɗin ka ciro shi daga ainihin abin da ke cikin RCC_CFGR, domin ranar da ka canza agogo lissafin ya bi ka.

Kuma ɗaure saurin da ka yi daidai ne, kada ka mayar da shi. Muddin yana yanayin gano sauri, ba ya fitar da RDY da sauran saƙonnin tashi sai ka fara yi masa magana. Idan an ɗaure, da zarar ya tashi za ka ga RDY, +CFUN: 1, +CPIN: READY, Call Ready, SMS Ready. Kod ɗinka ya riƙa sauraron RDY: idan ta fito a tsakiyar aiki, modul ya mutu ya tashi ke nan, sai a sake masa duk saitin.

Sadiƙ:
Ni da zan ba da shawara, ya sauka 9600 kawai. Tes ne fa yake aikawa, haruffa 160. Kuma a 9600 ko agogon ciki na HSI ya isa, ba sai an damu da kiristal ba.

Injiniya Bala:
Rabin maganarka na yarda da ita, Sadiƙ. 9600 ya ishi tes, kuma yana ba kod lokacin numfashi: bait ɗaya yana ɗaukar kusan milisakan 1, alhali a 115200 maikrosakan 87 ne. Amma saukar da sauri ba ya maganin gocewar agogo. Idan HSI ya goce da kashi 2 cikin ɗari, to 9600 ma ya goce da kashi 2, domin daga agogon ake yanko shi. Abin da ke raguwa kuskuren rabawa ne kaɗai: a 8 MHz, 115200 yana buƙatar 69.44, ka sa 69, ka yi asarar kashi 0.6, 9600 yana buƙatar 833.3, asarar ba ta kai a faɗa ba.

HSI an daidaita shi a kamfani zuwa kashi 1 cikin ɗari a zafin digiri 25. Takardar bayanan ta ba shi damar gocewa har kashi 2 zuwa 2.5 a ƙarshen zafi da sanyi. Mai karɓar USART kuwa kashi 3 da 'yan kai yake jurewa, kuma wannan na ɓangarorin biyu ne a haɗe. Akwatin da za a kafa kusa da tanki a rana, a watan Afrilu, ba digiri 25 zai gani ba. Allon yana da kiristal an riga an liƙa, ban ga dalilin barinsa ba.

Tunda maganar agogo ta taso, Malam Usman, ka duba jerin naka da wannan, don tsarin yana da muhimmanci. Ka kunna HSEON don tada HSE, wato agogon kiristal, ka jira HSERDY, amma jira mai iyaka. Ka sa jinkirin filash ya zama 2 a FLASH_ACR kafin ka ɗaga sauri. Har 24 MHz sifili ne, har 48 ɗaya, sama da haka biyu, kuma wanda ya manta wannan allo yakan sandare masa a daidai layin da ya sauya agogo. Ka sa PPRE1, mai raba agogon APB1, raba biyu. Ka zaɓi HSE a PLLSRC, PLLMUL sau 9, duk wannan PLL, mai ninka agogo, yana kashe, don ba ya karɓar canji idan yana kunne. Sai PLLON, ka jira PLLRDY, ka sa SW zuwa PLL, ka karanta SWS ka tabbatar ya koma. Idan za ka auna batir da ADC, ka raba agogonsa shida ya zama 12 MHz, iyakarsa 14.

Abin da ya sa na ce jira mai iyaka: kiristal yakan ƙi tashi, musamman idan dalma ta yi sanyi a ƙafarsa ko danshi da datti sun kwanta tsakanin ƙafafun. Idan kod ya wuce bai duba ba, allo yana nan a HSI 8 MHz, APB1 a 4, BRR kuma an lissafa shi da 36. Komai ya ragu sau tara: 115200 ya zama 12800, jinkirin sakan ɗaya ya zama sakan tara. Idan ka ga fitilar PC13 tana ƙiftawa a hankali kamar mai jin barci, kada ka nemi laifi a UART. A irin wannan hali kod ya koma HSI raba biyu sau 16, ya ba da 64 MHz, ya sake lissafa BRR da 32 MHz, ya aiko maka tes cewa kiristal ya faɗi.

Nura:
Ƙari a kan na Injiniya: hanya mafi sauƙi ta tabbatar da saurin gaskiya ba tare da zato ba. Ka sa allo ya yi ta aika harafin U, wato 0x55, babu tsayawa. Bit ɗinsa ɗaya sama ɗaya ƙasa ne, har da bit na farawa da na tsayawa, don haka layin yana zama igiya mai murabba'i wadda mitarta rabin saurin bod ce. A 115200 za ka karanta 57.6 kHz, a 9600 kuma 4.8 kHz. Mita mai auna Hz ma tana kamawa. Da Malam Usman ya yi haka da 625 ɗinsa, 28.8 kHz zai gani, magana ta ƙare a minti biyu. Mai osiloskop kuma zai iya fitar da agogo a PA8 ta MCO. Ya zaɓi PLL raba biyu, ya ga 36 MHz, don ƙafar ba ta wuce 50.

Usman:
Na sa 313, ya dawo. RDY ma tana fitowa. Kuma ita ce ta tona min ɗayar matsalar: RDY, Call Ready, sai bayan 'yan daƙiƙu RDY kuma. AT+CREG?, mai tambayar ko ya shiga sabis, yana ba ni 0,2 kullum. Wutar modul daga 5V na allo na ɗauko ta diyod 1N4007.

Malam Garba:
To nan ne gizo ke saƙar, ƙanina. Cire wannan diyod ɗin. SIM800L bolt 3.4 zuwa 4.4 yake ci, an fi so a tsaya a 4.0. GSM ba a jere yake watsawa ba, fizga yake yi: maikrosakan 577 a cikin kowane milisakan 4.6, kuma a wannan ɗan lokacin yana iya jan amfiya 2, musamman lokacin neman sabis da inda sigina ke da rauni. Diyod tana cin wajen 0.6 idan ba kaya, tana cin kusan bolt 1 idan an ja ta sosai. Ke nan a hutu kana bakin 4.4, inda modul ke kukan wuta ta yi yawa, a fizga kuma ga faɗuwar diyod, ga ta kebul ɗin USB, ga ta siraran layukan allo. Tashar USB 2.0 ta kwamfuta ma milliamfiya 500 aka yi ta ta bayar.

Abu biyu ne ke aiki. Ko batir 18650 mai kyau kai tsaye zuwa VCC na modul, da allon caji TP4056, tunda cikarsa 4.2 ce. Ko kuma LM2596 daga 12V, ka murɗa shi zuwa 4.0 da mita kafin ka haɗa modul, ba bayan ka haɗa ba. Ko wanne ka ɗauka, ka liƙa kafasita 1000 µF mai ƙaramin ESR, wato juriyar ciki, da ƙaramar 100 nF a ƙafafun VCC da GND na modul ɗin kansa, ƙafafunsu a gajarce.

Amma kada wani ya ce maka kafasita kaɗai za ta rufa asiri. Yi lissafin: amfiya 2 sau maikrosakan 577 raba 1000 µF, faɗuwar bolt 1.15 ke nan idan ita kaɗai ke ɗauke da kayan. Taimako take yi, tushen wutar ne zai ba da mafi yawa. Waya ma haka: om 0.2 a wayoyin sokawa da ramukan allon gwaji ba abin mamaki ba ne, sau amfiya 2 ya zama bolt 0.4, daga 4.0 ka sauko 3.6 tun ba a je ko'ina ba. Wayar wuta ta zama mai kauri, kada ta wuce tsawon yatsa biyu, a liƙa ta da dalma. GND na modul ya tafi tushen wuta da wayarsa, sannan wata siririya ta haɗa shi da GND na STM32. Idan ka bi da amfiya 2 ta GND na allon shuɗi, ƙasan siginar UART zai riƙa tsalle a duk fizga, ka ga haruffa suna lalacewa daidai lokacin da ake watsawa.

AT+CBC zai gaya maka abin da modul ke gani a milibolt, lamba ta uku. Mita ba ta kama fizgar, tana da jinkiri. Kuma kada ka kunna shi babu eriya.

Hajiya Rabi:
Idan wuta ta daidaita, fitilar za ta gaya maka sauran. Ƙiftawa kusan kowane sakan ɗaya, yana nema. Kowane sakan 3, ya shiga sabis. Da sauri-sauri, GPRS ya haɗu. Jerin tambayoyin da zan sa a farkon kod: ATE0 don ya daina maimaita abin da ka aika, AT+CMEE=2 don kuskure ya zo da bayani maimakon ERROR tsura, AT+CPIN? ya ce READY, AT+CSQ, ƙarfin sigina, ya haura 10, sai AT+CREG?. A CSQ, 99 ba ƙarfi ba ne, yana nufin bai gano komai ba. A CREG, 0,1 da 0,5 an shiga, 0,2 ana nema, 0,3 kamfanin layi ya ƙi ka. Idan 0,3 ne ka bar allo ya huta, ka sa sim ɗin a ƙaramar waya ka gani. Layin da ba a haɗa da NIN ba ko wanda aka daɗe ba a yi amfani da shi ba yana iya zama a rufe. Ka tuna kuma modul ɗin 2G ne zalla, a nan 900 da 1800 MHz. Inda babu 2G na wannan kamfanin, ba zai taɓa shiga ba ko wayarka tana nuna 4G cike.

Ramin sim ɗin yana ruɗar mutane: a jan allon, ɓangaren zinare yana kallon allo, yankakken gefen yana waje. Idan aka juya, CPIN zai ce ba a sa sim ba. Da hunturu a taɓa ƙarfe kafin a taɓa ramin, tartsatsin jiki yana kashe layukan sim.

Sadiƙ:
Tambaya a kan zaɓin ƙafa. Me ya sa ba USART1 ba, tunda PA9 da PA10 suna jure 5V kuma lissafinsa ya fi fita daidai? Sannan wannan rizista biyun dole ne? Na ga ana haɗawa kai tsaye yana aiki.

Injiniya Bala:
Jure 5V ba shi da amfani a nan, modul 2.8 yake fitarwa, STM32 kuma ƙasa da bolt 2 ma yana karanta shi a sama, don haka layin TXD zuwa PA3 kai tsaye ne. USART1 na fi so a bar shi don kwamfuta: ta nan ne ake loda kod idan an ɗaga BOOT0, ta nan kuma za ka riƙa kallon hirar allo da modul. Idan modul yana rataye a PA10 lokacin lodawa, su biyu ke tura layi ɗaya, lodawa ta ƙi. RTS da CTS na USART1 kuma, layukan cewa dakata ko ci gaba, PA12 da PA11 ne, ƙafafun USB. Wanda PA2 da PA3 suka shige masa wani aiki ya koma USART3, PB10 da PB11, lissafin BRR ɗaya ne da na USART2. Mai son mayar da USART1 zuwa PB6 da PB7 sai ya kunna AFIOEN tukuna, kuma ya san ya rasa I2C1 a wurin.

Rizistocin kuwa, e, ana haɗawa kai tsaye ya yi aiki, amma ƙafafun modul na 2.8 ne, kuma 1k da 5.6k ɗin nan daga littafin kamfanin da ya ƙera shi suka fito: 3.3 sau 5.6 raba 6.6, 2.8 cif. Akwai wani dalilin ma: idan modul yana kashe, PA2 tana sama, wuta tana silalewa cikinsa ta ƙafar RXD, wani lokaci ya ƙi tashi da kyau. 1k tana rage wannan. Naira nawa ce rizista biyu a kan farashin modul?

RST, ƙafar sake tada modul, kada a tura mata 3.3 ko kaɗan. Tana da abin da ke ɗaga ta a ciki. A sa ƙafar STM32 a 0x6, mai ja ƙasa kawai, a riƙe ta ƙasa milisakan 150, a saki. Kada a ɗauki PA13 da PA14, na ST-Link ne, na'urar loda kod. PA15, PB3 da PB4 kuma na JTAG ne har sai an sake su a AFIO_MAPR. Masu CubeMX, manhajar saita STM32: a SYS ku zaɓi Serial Wire, a HSE ku zaɓi kiristal ba Bypass ba. Wanda ya bar No Debug, lodawa ɗaya zai yi ST-Link ya daina ganin allon, sai ya ɗaga BOOT0 ya goge.

Nura:
Jan allon bai fito da RTS da CTS ba, don haka babu yadda za ka ce wa modul dakata. Duk abin da ya zo dole a kwashe. USART na F1 bait ɗaya kawai yake riƙewa. Idan na biyu ya iso ba ka ɗauki na farko ba, ORE, tutar ambaliya, ta tashi, sabon ya ɓace. Ana share ta da karanta SR sannan DR. Wanda ya kunna RXNEIE, katsewar karɓar bait, bai kula da ORE ba yana iya samun allo yana ta komawa cikin katsewar ba ya fita. Cikin katsewar kada a yi komai sai ɗaukar bait a jefa a ma'ajiya mai zagaye, bait 512 sun wadatar. Wanda ya fi wannan: DMA1, mai kwashe bait zuwa ma'ajiya da kansa, tasharsa ta 6 ita ce ta karɓar USART2, a sa ta zagaye, a kunna IDLEIE, idan layi ya yi shiru a duba nawa suka shigo. Wajen aika tes, bayan AT+CMGS alamar > tana zuwa da sarari ɗaya babu ƙarshen layi, mai jiran ƙarshen layi zai kwana yana jira. A rufe saƙon da 0x1A, a ba shi har sakan 60 kafin a ce ya faɗi.

Wani ɗan abu: ƙ, ɗ da ɓ ba sa cikin haruffan GSM. Idan ana son su fito sai UCS2, saƙo ya koma haruffa 70 maimakon 160. Don saƙon famfo a rubuta k, d, b kawai.

Amina:
Malamai, ku ba ni dama in saƙa tawa tunda kusa take. Idan ba modul, ana son STM32 ya karanta sim ɗin da kansa, ICCID misali, wato lambar jikin sim, yaya ƙafafu da agogon suke?

Injiniya Bala:
Malama Amina, USART ɗin nan yana da yanayin kati mai wayo na ISO 7816, an yi shi don haka. A USART2, PA4 ce ke ba kati agogo, 0xB. PA2 ita ce layin bayanai na zuwa da dawowa, kuma a nan 0xF ɗin da ta wahalar da Malam Usman ita ake so, da rizista 10k zuwa wutar katin, ko 4.7k idan waya ta yi tsawo. PA3 ba ta da aiki. RST kowace ƙafa. A jikin kati: C1 wuta, C2 RST, C3 agogo, C5 GND, C7 bayanai.

Kati yana son agogo tsakanin 1 da 5 MHz a farawa, kuma bit ɗaya bugu 372 ne na wannan agogon. A GTPR, lambar PSC ana ninka ta biyu kafin a raba. Ki sa 5: 36 MHz raba 10, 3.6 MHz. Raba 372, bod 9677. BRR kuwa 10 sau 372, wato 3720, babu saura ko kaɗan, domin agogon kati da na bod daga tushe ɗaya suke. Shi ya sa a nan gocewar agogo ba ta da illa. Sai M da PCE a CR1, bit 8 da na tantancewa mai cika biyu-biyu. STOP ɗaya da rabi da CLKEN a CR2. SCEN da NACK a CR3.

Tsarin tashi: RST a ƙasa, ki ba da wuta, ki saki layin bayanai, ki kunna agogo, ki jira aƙalla bugu 400, ki ɗaga RST. Kati zai amsa kafin bugu 40,000, wajen milisakan 11 a wannan agogon. Bait na farko 0x3B ne a yawancin katuna, 0x3F a masu juyayyen tsari. Tunda waya ɗaya ce, duk abin da kika aika zai dawo miki a DR, ki zubar da shi. Wuta kuma: katunan yanzu 1.8 da 3 suke ɗauka, ajin bolt 3 iyakarsa 3.3, don haka wutar allo tana bakin gaɓa. Ki auna ta, ko ki sa wa katin nasa mai daidaita wuta na 3.0. Kada ki gwada PIN da ka, uku ne ya kulle.

Usman:
Na koma 18650 da 1000 µF a jikin modul. CBC yana nuna 4050, CSQ 17, CREG 0,1, tes ya shiga wayata. Saura batir: ina son duka biyun su yi barci, saƙo ya tashe su.

Hajiya Rabi:
Madalla. AT+CSCLK=1, sannan DTR ce makunni: ka ɗaga ta, modul ya yi barci idan ba abin da yake yi, yana nan a sabis yana cin milliamfiya ɗaya zuwa biyu; ka ja ta ƙasa, ka jira milisakan 50 kafin ka aika AT. Ita ma ta bi ta 1k da 5.6k. RING ka kai ta PB0, shigarwa mai ja sama, katsewa a faɗuwa. Tes yana ja ta ƙasa na milisakan 120, kira yana riƙe ta ƙasa. EXTI0 daga farko PA0 take kallo, sai ka kunna AFIOEN ka zaɓi tashar B a EXTICR1. USART na F1 ba ya tada allo daga yanayin barcin Stop, RING ce hanyarka.

Ga inda agogo zai sake cizonka. Idan allo ya farka daga Stop, HSE da PLL a kashe suke, yana kan HSI 8 MHz, BRR kuma yana nan a 313, wato wajen 12800. Layin farko bayan farkawa ya zama kiran aikin da ke tada agogo. Kiristal yana ɗaukar milisakan biyu ko fiye kafin ya tsaya, a lokacin kuwa +CMTI, sanarwar shigowar tes, ta riga ta wuce ko ta shigo a karye. Kada ka dogara da ita. Ka sa AT+CNMI=2,1 don saƙo ya zauna a ajiya, idan ka farka ka share ma'ajiyarka, ka ja DTR, ka tambaya da AT+CMGL="REC UNREAD", ka goge wanda ka karanta da AT+CMGD don kada wurin ya cika sababbi su daina shiga.

Lokacin da za ka buga a saƙo kuma, AT+CLTS=1 da AT&W, ka sake tada modul, sai AT+CCLK? ya ba ka lokacin da kamfanin layi ya aiko, idan yana aikowa. Lambar ƙarshe rubu'in awa take ƙirgawa, don haka +04 da za ka gani awa ɗaya ce, lokacin Najeriya da Nijar. Idan shekarar da ta fito tsohuwa ce, lokacin bai iso ba tukuna. Ka jira CREG ya zama 0,1, ka sake tambaya, sannan ka zuba shi a RTC, agogon lokaci na allo, mai kiristal 32.768 kHz a PC14 da PC15, ka bar waɗannan ƙafafun biyu babu waya a jikinsu.